Goggo da 'Yar Riƙonta ta Ƙarshe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Goggo ta rasu wata Talata da hantsi, a kan kujerar asibiti, tana jiran a kira ta a ɗebi jininta. Nas ɗin da ta zo kiranta ta ɗauka gyangyaɗi take yi. Ƙanwar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta tarbe ni a filin jirgi ranar da aka kawo ni ƙasar nan ta Amurka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ji abin da ake faɗa a kanta a zaman makoki, na ga in aka ƙyale mutane, kafin baɗi sun mayar da ita wata tsohuwa mai sanyin hali mai raba wa yara alewa. Goggo ba ta da sanyin hali. Kada a yi mata ƙarya bayan ranta.

Gidanta na Bowie ya cika har motoci suka hau ciyawar maƙwabta. Maza a gareji an shimfiɗa musu darduma, mata a falo da kicin. Wata mata daga Mitchellville ta yi kuka har ɗankwalinta ya zame, tana cewa, "Uwa muka rasa, wallahi uwa muka rasa." Ita ce na taɓa gani da idona ta shige banɗaki a gidan suna, ta yi zamanta a ciki har Goggo ta tafi. Wani dattijo ɗan Nijar ya ce, "Hajiya ta huta. Mu ma dai..." sai ya kama bakinsa ya ja carbi. Ɗanta tilo ya zo daga wata jiha mai nisa, yana tsaye a bakin ƙofa, ana yi masa gaisuwa da Hausa yana amsawa da amin, in amin ta ƙare ya koma Turanci. Aminiyarta 'yar Kumasi, wadda kowa ke kira Mma, ba ta yi kuka ba. Tukwane take ta wankewa, har waɗanda aka riga aka wanke, tana magana ita kaɗai: "Ei, Hajiya. Haka ake yi? Ko sallama?"

A sama kuwa, a ɗakin ƙarshe, akwai yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta kulle kanta. Baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, ba Bahaushiya ba, ba Musulma ba, 'yar riƙon Goggo ta ƙarshe. Ba zan faɗi sunanta ba. Doka ta hana, kuma ko ba ta hana ba, an faɗi sunan nan a ofisoshi da kotuna ya isa haka. Lasisin riƙonta na Goggo ne ita kaɗai, ya mutu tare da ita. Ma'aikaciyar hukuma mai kula da lamarin yarinyar ta kira ni tun ranar rasuwar, ta roƙe ni in kwana a gidan tare da ita zuwa Juma'a, ranar da za su zauna su yanke inda za a kai ta. In ba a samu gida mai irin wannan lasisi ba, za a kai ta wani gidan kula da yara can nesa, inda ake kulle ƙofa daga waje, masu kula kuma suna canjawa safe da yamma. Ta taɓa zama a irinsa. Tabon da ke hannunta daga can ta zo da shi. A duk mutanenmu gida ɗaya ne ya rage da lasisin, gidana. Ni kuwa na riga na rantse na gama riƙo. Na ce wa ma'aikaciyar zuwa Juma'a kawai.

Ga wanda yake karanta wannan daga gida, bari in yi bayani. A nan idan hukuma ta karɓe yaro daga iyayensa saboda duka ko yunwa ko shaye-shaye, tana ba wani gida riƙonsa. A cikin yaran akwai waɗanda abin da aka yi musu ya shige su sosai. Ba sa barci, suna fasa kaya, suna yanka jikinsu, suna gudu. Su gidan riƙo na yau da kullum ba ya iya musu, sai gidan da aka ba horo na musamman, inda ake kulle magani da wuƙaƙe, likitan hankali yana ganin yaro kowane mako, ma'aikaciyar hukuma kuma tana shigowa duk ran da ta ga dama. Goggo ta fara riƙon irin waɗannan yara bayan rasuwar mijinta. Da ofishin da ke raba su ya ga yara suna daɗewa a hannunta, sai ya ɗauke ta aiki, ta riƙa nemo musu gidaje. Shi ta yi shekara da shekaru.

Da farko sun ba ta tebur da takardu masu hoton yara suna dariya, wai ta je ta kafa a bakin kanti. Ta je sau ɗaya. Ta dawo ta ce musu mutanenta ba sa ɗaukar ɗa a bakin kanti. Daga nan ta koma gidajen suna da walima da buɗa-baki. Ba ta shiga can cikin falo inda manyan mata suke. Kujera take ja ta zauna kusa da ƙofa, inda aka tara takalma. Na taɓa ce mata wannan wurin bai dace da ita ba. Ta ce, "Kowa sai ya dawo wa takalminsa."

In wani ya sayi sabon gida aka zaga da ita, kowa yana yaba kicin da labule, ita ƙofofi take buɗewa.

"Wannan ɗakin na wa?"

"Na Hajiyarmu ne, in ta zo daga gida."

"Yaushe rabonta da zuwa?"

"Ai ba a ba ta biza ba tukuna, Goggo."

"To. Ɗaki yana jiran biza, yaro yana kwana a kan kujerar ofis. Allah ya sanya alheri."

Masu cewa ba su san asalin yaran ba, sai ta ce, "Ke da aka sauke ki a ƙasar nan, wa ya san asalinki?" Masu cewa ai su ma sun san riƙo, kakarsu ce ta riƙe su, sai ta ce shi ya sa ta zo wurinsu. Amma ba ta taɓa ruɗin kowa ba. Takan ce, "Kar ki ɗauka irin na gida ne. A gida ɗa na dangi ne, duk inda dare ya yi masa gidansu ne. A nan ɗa na alƙali ne, amana ake ba ki. Ba kya kai shi ko'ina sai an sani." Da yawa daga nan suke zamewa. Duk shekarun da ta yi, gidajen da ta samu a cikin mutanenmu ba su cika hannu ɗaya ba. Sauran daga coci-cocin baƙaƙen Amurkawa ta samo su. Ranar Lahadi takan sa hijabinta ta zauna a bencin baya har a gama, fasto ya ba ta dama ta yi magana. Ta dawo ta zube a kujera ta cire safa, ta ce, "Su in na yi magana mutum biyu sukan tashi. Ku kuwa sai ku cika mini kula da waina."

Ni lokacin da ta sa mini ido, ban iya karatun boko ba. Sunana kawai nake zanawa. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, 'ya'yana sun fara barin gida. Ta ce wannan riƙo sai da rubutu, kullum sai an rubuta abin da yaro ya ci, da maganin da ya sha, da abin da ya tayar masa. Ta sa sunana a ajin manya, ta riƙa kai ni da motarta, tana zaune a waje tana kiran mutane a waya har in fito. Ranar da na fara karanta shafi guda ba tare da tsayawa ba, na zo ina yi mata godiya da hawaye. Ta ce, "Kar ki gode mini. Ba don ki zama 'yar boko na kai ki ba. Ɗakin nan naki na sama nake so." Ba wasa take yi ba. Duk da haka da wannan karatun nake rubuta wannan.

Kafin a ba da lasisi, akwai matar da take zuwa gida ta yi wa miji da mata tambayoyi. A nan mutanenmu suke faɗuwa. Ana tambayar mutum yadda aka hore shi yana yaro, wa ya taɓa dukansa, me yake yi in ransa ya ɓaci, yaushe suka yi faɗa da matarsa, a kan me, wa ya fara saukowa. Bahaushe kuwa amsarsa ɗaya ce: lafiya lau. Ranar da matar ta zo gidanmu, maigidana ya sa babbar riga, ya ce mata tun da muka yi aure ba mu taɓa saɓawa ba. Matar ta dube ni, na ce haka ne. Ta rufe jakarta ta tafi da murmushi. Da yamma Goggo ta faɗo gidan ko zama ba ta yi ba.

"Malam, me ka ce wa matar nan?"

"Goggo, asirin gidana zan tona wa baƙuwa?"

"Ta rubuta ko dai kuna ƙarya, ko ɗayanku yana tsoron ɗaya. Wanne ne?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Yaron da za a kawo maka, an karanta asirinsa a gaban alƙali da lauyoyi da likitoci. Har fitsarin kwancensa yana cikin takarda. Inda aka taɓa shi yana cikin takarda. Za a miƙo maka ka karanta kana shan shayi. Kai kuma faɗa ɗaya a kan gishirin miya ba za ka iya bayarwa ba?"

Maigidana mutum ne mai kunyar surukai, kansa a ƙasa yake har ta gama. Da matar ta dawo, ya ba ta labarin ranar da na jefar masa da rediyo ta taga. Ta yi dariya har ta share ido. Aka ba mu lasisi.

Mun riƙe yara da dama. Wasu sun koma wurin iyayensu, wasu an samu masu ɗaukarsu na dindindin, ɗaya har yau yana kirana ranar sallah. Na ƙarshe yaro ne ƙaƙƙarfa, wata rana abin ya taso masa, maigidana yana kan matakala, ya ture shi. Ƙugunsa ya karye. Daga wannan kwanciyar ciwon ƙoda ya bayyana, har yanzu ana yi masa wankin ƙoda. Yaron aka ɗauke shi, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, na san abin da aka yi masa. Amma maigidana bai ma fito daga asibiti ba Goggo ta kira ni, wai akwai wata yarinya.

Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce, "Goggo, ke ba kya ganin mutum, ɗaki kike gani. Mijina yana kwance da ƙarfe a jikinsa."

Ta ce, "Gaskiya ne. Ɗaki nake gani. Ke kina da bakin cewa kin gaji."

"To na ce. Wallahi na gama."

Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta kashe waya.

Muka yi watanni daga gaisuwa sai gaisuwa. Har yau ina ganin ni ce da gaskiya, kuma da za ta tashi yanzu zan maimaita mata. Tana da wannan aibin. In ta ga yaro ba shi da wuri, duk wanda ke gabanta sai ya zama kamar bango, ba ta jin nishinsa. Ɗanta ma yana da nasa labarin a kan haka, shi ya san dalilin da ya zauna nesa.

Yarinyar da ta kira ni a kanta, ita ce wannan ta ɗakin sama. Ba wanda ya karɓe ta. Ma'aikacin ofis ba ya riƙo, don haka Goggo ta ajiye aikin, ta sabunta lasisinta, ta ɗauko ta da kanta, tana da shekara saba'in da ɗoriya da ciwon suga. Ni kuma ta sa na bar nawa lasisin a raye, don in an kwantar da ita a asibiti a samu inda za a ajiye yarinyar kwana biyu. Yarinyar ta zo gidana haka sau 'yan kaɗan. Ba ta yi mini magana, ban matsa mata ba. Ba ta sona, ni ma ban yi ƙaryar ina sonta ba.

Abu ɗaya na gani da idona a farkon zamansu. Goggo tana da kwanukan tangaran da ta zo da su tun daga Kano, na aurenta, suna jere a kabad. Na shigo wata rana da azahar na tarar da su a ƙasa, ba ko ɗaya mai rai. Yarinyar ta riga ta haɗa kayanta, tana zaune a kan matakala da jaka a cinya, tana jiran motar da za ta zo ɗaukarta. Ta san yadda ake yi. Goggo tana shara. Da ta gama ta zo ta tsaya a gabanta, da Turancinta mai kaushi ta ce, "Na ji haushi. Na ji haushi ƙwarai, kuma gobe ma zan tashi da shi. Abinci ya nuna, zo ki ci."

Yarinyar ta ce, "Yaushe za su zo?"

"Su wa? Ban kira kowa ba. Haushi nake ji, ba kora nake yi ba. Kai jakar nan sama, kin tare mini hanya."

Yarinyar ta yi kwanaki tana kwana da takalmi a ƙafa, ba ta yarda ba. Goggo kuma da gaske ta yi ta jin haushin, mako guda tana tsaki duk lokacin da ta wuce kabad ɗin. Amma mota ba ta zo ba. Daga baya yarinyar ta fara zama a kicin tana kallon yadda ake tuƙa tuwo, ba ta ci, sai dai ta ce yana kama da siminti. Goggo ta koyi dafa mata taliya da cuku irin tasu, tana dafawa tana cewa abincin marasa haƙori. Haka suka zauna fiye da shekara biyu, mafi daɗewar da yarinyar ta taɓa yi a gida ɗaya.

To, mu koma gidan makoki. An binne Goggo ranar Laraba. Ranar Alhamis ana shirin sadakar uku, labari ya zaga kicin cewa za a ɗauke yarinyar. Nan mata suka tashi. Wannan ta ce a kawo ta gidanta, waccan ta ce ita ke da 'yan mata sa'anninta. Har rabawa suka yi, ranakun makaranta a gidan wance, Asabar da Lahadi a gidan wance. Da zuciya ɗaya suke faɗa, ba na zarginsu. Haka muka taso muka gani, in uwa ta faɗi, kafin a watse daga makoki an san hannun da kowane yaro zai shiga. Na ce musu ba haka ake yi a nan ba, ba su ji ni ba, ana ta ƙarar tukwane. Lokacin kai maigidana wankin ƙoda ya yi, na leƙa na ga ƙofar yarinyar a kulle, na tafi.

Da na dawo na tarar da ma'aikaciyar hukuma a tsaye a ɗakin yarinyar, ta cire takalmi kamar yadda ta ga ana yi, ɗakin ba kowa. Matashiya ce, idanunta duk sun faɗa. Mata sun kewaye ta suna kwantar mata da hankali, wai kar ta damu, yarinya tana wurin Mma.

Abin da ya faru shi ne, banɗakin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, maza suka riƙa hawa sama yin alwala. Yarinyar kuwa ba abin da ke firgita ta kamar takun namiji a bakin ƙofarta. Mma ta ji tana buga kanta da bango. Ta hau, ta kira ta, yarinyar ta san muryarta ta buɗe. Mma ta ce gidan mutuwa ba wurin yaro ba ne, ta sa ta a mota ta tafi da ita gidanta a Greenbelt. Duk matan kicin sun gani, kuma duk sun ga daidai ne. Wayar Mma tana cikin jaka a kashe tun ranar jana'iza.

Ma'aikaciyar ta ja ni gefe. Ta ce Mma ba ta cikin waɗanda aka tantance, kuma ta ji akwai babban ɗa namiji a gidan. Ta ce doka ta ce in ba ta ga yarinyar da idonta ba, sai ta sanar da 'yan sanda, a kuma rubuta cewa ta gudu. Ta riga ta gudu sau da yawa a baya. In aka ƙara wannan, zaman gobe ba sai an yi ba. Na ce ta biyo ni. Muka shiga cunkoson babban titin Beltway, ina gaba tana baya, ina ta zagin Mma a cikin mota ni kaɗai.

Mun samu yarinyar tana barci a kan doguwar kujera, an lulluɓe ta da zanen Mma, ga kwanon shinkafa da wake a ƙasa ta cinye. Tun Talata ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Ɗan Mma yana wurin aiki, bai ma san an yi ba. Na fara faɗa ƙasa-ƙasa, Mma ta riƙe ƙugu.

"Ei! Don na ba yarinya abinci ta yi barci za a kira mini 'yan sanda? Ke kina ina tana fasa kanta?"

Abin da ta yi shi ne abin da uwata za ta yi, shi ne abin da ni ma zan yi da ban zauna a ajin horo ba. Ma'aikaciyar ta zauna a ƙasa kusa da kujerar ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce mini ba za ta rubuta gudu ba, amma dole ta rubuta abin da ya faru, kuma manyanta za su ce ba wanda ke riƙe da yarinyar da gaske. Ta ce, "In ba gidan da zai ce tawa ce gobe, ba ni da abin da zan riƙe su da shi." Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙe ni da na ji sauƙin ƙi.

Da la'asar na ɗauko maigidana daga wanki. Ranar wanki ko magana wuya take yi masa. Na ba shi labari a mota, ya rufe ido har na ɗauka ya yi barci.

Can ya ce, "Ba ni da ƙashin da za a sake karyawa."

"Na sani."

"Kuma kin rantse."

"Na rantse."

Muka wuce fitilun hanya biyu. Ya ce, "Kaffara ba ta gagare mu ba. Ki sa yara su sauko mini da gadona ƙasa. Ni da matakala mun gama."

Ranar Juma'a aka zauna a ofis, wasu kewaye da tebur, wasu ta cikin kwamfuta. Yarinyar tana can ƙarshe, ta ja hular rigarta ta rufe fuska. Suka tambaye ni. Na ce musu na gaji, mijina ba shi da lafiya, yarinyar ba ta sona, kuma ba zan yi musu alkawarin shekara ba. Na ce amma ina da ɗaki, ina da lasisi, kuma na san ta. In za su ba ni, su ba ni. Suka yi ta magana a tsakaninsu. Daga ƙarshe shugabarsu ta juya ga yarinyar, ta ce ita me take so.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina kuka kai ta?"

Goggo take nufi. Mu mata ba ma bin gawa. Maza suka ɗauke ta daga masallaci suka dawo suna karkaɗe hannu, mu muna gida. Ba wanda ya tuna cewa a wurin yarinyar nan, Goggo ta fita asibiti da safe ta ce a cire nama daga firiza, shi ke nan. Ta sha ganin mutane sun ɓace mata ana ce mata sun tafi.

Ta ce, "Ba na zuwa gidan kowa sai na gani."

Ni ban taɓa taka maƙabarta ba tun da aka haife ni. Na kira ɗan Goggo ya kwatanta mini, na ɗauke ta, ma'aikaciyar ta biyo mu. Wuri ne mai faɗi da ciyawa, ɓangaren Musulmi yana can baya kusa da bishiyoyi. Ba dutse, ba suna, jar ƙasa ce kawai da ba ta kwanta ba tukuna, da ɗan ƙarfe mai lamba. Ta tsaya a kai ta daɗe.

Ta ce, "Me ake cewa?"

Na ce mu addu'a muke yi, ita ta faɗi abin da take so. Na ja da baya inda ba zan ji ba. Na ga bakinta yana motsi, na ga ta nuna ƙasar da yatsa kamar mai faɗa. Ni ma na yi tawa daga inda nake.

Da ta gama ta wuce ni ba ta dube ni ba. Motoci biyu ne a ajiye, tawa da ta ma'aikaciyar. Ta tsaya a tsakaninsu. Sannan ta buɗe tawa ta shiga baya ta ja bel. Na shiga na tayar. Mun kusa fita daga ƙofar maƙabartar ta ce, "Motar makaranta tana bi ta layinku?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ki tambaya."

Na tambaya. Ba ta bi. Ni nake kai ta kullum da safe, in dawo in kai maigidana wanki in ranar wanki ce, in koma in ɗauko ta. Har yanzu maganarmu ba ta wuce ta abinci da ta lokaci ba. Jiya ta fasa mini madubin banɗaki, yau da safe ta fito a kan lokaci.

Allah ya jiƙan Goggo. Ya yafe mata kaifin bakinta da nauyin da ta ɗora wa mutane ba ta tambaye su ba. Ya karɓi abin da ta yi wa 'ya'yan da ba wanda ya san adadinsu sai Shi. Ya yalwata mata makwanci, ya ba ta hutun da ba ta yarda ta yi ba a duniya. Mu da ta bari da aiki, Allah ya ba mu ƙarfin gobe da safe. Amin.